Shehu Jalaluddini Suyuɗi, Ɗan Littattafai

Da wuya a sami ɗaya daga cikinmu wanda bai taɓa zama a zauren wani malami ko a ƙofar fada da watan azumi ya ji ana tafsiri ba, mai jan baƙi yana ja, malam yana fassarawa, ga Jalalaini buɗe a gabansa. Kowa ya san sunan littafin, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi dalilin sunan. Ma'anarsa Jalalu biyu, gama malamai biyu suka wallafa shi, ko wanne kuwa laƙabinsa Jalaluddini. Na farko shi ne Mahalli, na biyu Suyuɗi. Labarin na biyun mu ke so mu bayar, ba kuwa don tafsirin kaɗai ba. Cikin malaman da suka shuɗe ba safai a kan sami wanda ya kai shi damuwa da al'amarin nan da malamanmu su ke ta fama da mu a kansa ko wane zango ba, watau in mutum ya ɗauko magana ya faɗi inda ya ɗauko ta. Ya yi ta gargaɗi a kan haka, ya kai ƙarar wani a kan haka, shi kuma aka tuhume shi da abin da ya ke hanawa.

Sunansa na yanka Abdurrahmani ɗan Abubakar. An haife shi a birnin Alƙahira ta ƙasar Masar cikin watan Rajab na shekara ta 849 ta Hijira, watau 1445. Ubansa mutumin Asyuɗ ne, wani gari a bakin kogin Nilu can wajen kudu, daga sunan garin nan ne aka sami Suyuɗi. Masar a zamanin tana hannun sarakunan da a ke kira Mamaliku, waɗanda asalinsu bayi ne da aka sayo aka koya musu yaƙi, har sarauta ta koma hannunsu. Ko me za a ce game da mulkinsu, sun dai gina masallatai da makarantu, sun yi musu waƙafi, har Alƙahira ta zama matattarar malamai da littattafai, balle tun da Tatar suka rushe Bagadaza cikin 1258. Ana ba da labari wai uban ya aiki uwar ta ɗauko masa wani littafi, tana cikin taskar littattafai sai naƙuda ta kama ta, ta haihu a nan, shi ya sa a ke yi masa kirari da Ɗan Littattafai. Ko labarin ya faru ko masu ƙaunarsa ne suka ƙaga, sunan dai ya zauna masa daidai.

Uban malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'i, yana karantarwa a masallacin Shaihu. Ya rasu cikin 855, watau 1451, yaron yana da shekara biyar da 'yan watanni. Abokan uban suka riƙe maraya, cikinsu har da Ibnu Humami, babban malamin Hanafiyya. Bai cika shekara takwas ba ya haddace Alƙur'ani. Sa'an nan ya shiga littattafai, ya ɗauki fiƙihu wajen Alamuddini Bulƙini, bayansa wajen Sharafuddini Munawi, ya zauna gaban Kafiyaji shekara goma sha huɗu yana ɗaukar tafsiri da usulu da nahawu. Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka ba shi izinin karantar da Larabci, a shekarar nan kuma ya wallafa littafinsa na fari, sharhi a kan A'uzu da Bisimilla. Shi da kansa ya bayyana fannin da ya gagare shi, watau lissafi, ya kwatanta warware mas'ala ɗaya ta lissafi da ɗaukar dutse. Mun san akwai waɗansu cikinmu da wannan labari zai sanyaya musu rai.

Akwai wani abu da ya auku tsakaninsa da malaminsa Taƙiyyuddini Shumunni, wanda ya lizimta shekara huɗu yana koyon hadisi da Larabci, har malamin ya rasu cikin 872, watau 1468. Shumunni ya yi wa littafin Ashafa na Alƙali Iyali 'yar hashiya, wannan Ashafa da har wa yau a ke karantawa a garuruwanmu. A cikin hashiyar ya kawo wani hadisi na Abul Hamra'i a kan Isra'i, ya ce yana cikin littafin Ibnu Maja. Ran nan saurayin ya bukaci ya kawo hadisin tare da isnadinsa, sai ya buɗe Ibnu Maja a babin da ya ke tsammani, bai gan shi ba. Ya bi littafin tun daga fari har ƙarshe, babu. Ya ɗauka idonsa ne ya tsallake, ya sāke bi, babu. Ya yi na uku, babu. Ku tuna fa littafin Ibnu Maja ya fi hadisi dubu huɗu, rubutun hannu ne kuma, ba shafi mai lamba, ba jerin kalmomi a ƙarshe da zai taimake shi. Daga baya sai ya ci karo da hadisin a wani littafi dabam, na Ibnu Ƙani'i a kan sunayen sahabbai. Ya je ya gaya wa malamin. Jin haka ke da wuya Shumunni ya jawo nasa kwafin, ya ɗauki alƙalami, ya soke sunan Ibnu Maja, ya rubuta Ibnu Ƙani'i a gefe. Abin ya yi wa yaron nauyi, gama yana ganin girman malamin, yana kuma raina kansa, har ya roƙe shi ya dakata tukuna ya sāke dubawa. Malamin ya ƙi, ya gaya masa shi ma ba a cikin Ibnu Maja ya gani ba, wani malami ne da ya gabace shi, Burhanu mutumin Halab, ya faɗa, shi kuwa ya bi shi.

A dubi yadda kuskure ya ke tafiya. Wani ya rubuta, wani babba ya kwafa don ya amince da shi, da ba a sami yaro mai naci ba da na uku ya kwafa daga na biyu, da na huɗu, har abin ya zama kamar gaskiya sabo da yawan masu faɗa. Ba wanda ya yi nufin ƙarya a cikinsu. Mu dai a ganinmu cikin su biyun malamin ne ya fi cancantar yabo, gama neman hadisi sau uku aikin ƙuruciya ne da ƙarfin ido, amma tsoho mai almajirai ya soke rubutunsa a gaban yaron da bai daɗe da fara gemu ba, ya kuma faɗi wanda ya kwafa daga gare shi, wannan sai wanda Allah ya ba.

Daga nan al'amarinsa ya yi ta gaba da sauri. Ya yi aikin hajji cikin 869, ya sha ruwan Zamzam da niyyar Allah ya kai shi matsayin Sirajuddini Bulƙini a fiƙihu, da na Ibnu Hajar a hadisi. Mahalli ya riga ya rasu tun 864, ya bar tafsirinsa rabi, daga Suratul Kahfi zuwa Nasi, da Fatiha. Cikin azumin 870, watau 1466, Suyuɗi ya ɗauki ragowar, daga Baƙara zuwa Isra'i, ya gama cikin kwana arba'in, bai ko cika shekara ashirin da biyu ba. Ya gaji kujerar ubansa, aka ba shi karatun hadisi a makarantar Shaihuniyya cikin 877, sa'an nan cikin 891, watau 1486, aka naɗa shi shugaban zawiyyar Baibarsiyya. Duk wannan bai hana alƙalaminsa gudu ba. A littafinsa na tarihin Masar ya lissafa wajen littattafai 300 nasa, almajiransa kuwa daga baya suka ƙirga fiye da 500. Kada adadin ya firgita mu, da yawa cikinsu 'yan takardu ne da ba su wuce warƙa kaɗan ba, amma akwai waɗanda jaki ɗaya ba ya ɗauka.

Ƙa'idar da ya ɗora wa kansa ya bayyana ta a littafinsa na lugga mai suna Muzhir. A wurinsa albarkar ilimi da godiyarsa su ne a jingina ko wace magana ga mai ita, ya kuma yi da'awar ba za a sami ko harafi ɗaya cikin littattafansa ba wanda bai faɗi mai shi da littafin da ya ke ciki ba. Za mu zo kan ko ya cika wannan alkawari. Abin da ya fi amfani gare mu tukuna shi ne, bai tsaya kan hanya ɗaya ta faɗin ba, ya kan dubi irin littafin da irin mai karatu.

Hanyar da ya gada ita ce ta masu hadisi, watau isnadi: wane ya gaya mini, daga wane, daga wane, har a kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Babu hanyar da ta fi ta ƙarfi, gama ko wane mutum cikin sarƙar ana iya binciken halinsa, da shekarar mutuwarsa, da ko ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Da ita ya tara wani babban tafsiri mai suna Tarjumanul Ƙur'ani, ko wace ruwaya da cikakken isnadinta. Amma ya lura himmar mutane ta gaza, sun fi son su ga maganar kanta ba tare da dogon jerin sunaye ba. Sai ya taƙaita shi, ya zubar da isnadai, ya bar sunan mawallafin da ya fitar da ruwayar da sunan wanda aka ruwaito daga gare shi, ya kira sabon littafin Durrul Mansur. An yi asara, an kuma ci riba. Asarar ita ce mai karatu ba ya iya auna ingancin ruwayar daga shafin da ke gabansa, sai ya koma ga asali, masu rauni da masu ƙarfi duk suna jere wuri ɗaya. Ribar kuwa ta wuce abin da shi kansa ya zata. Waɗansu littattafan da ya ɗebo daga cikinsu sun ɓace, kamar tafsirin Ibnu Mardawaihi, da mafi yawan na Ibnul Munziri. Yau malamai suna iya tsintar gutsattsarinsu daga Durrul Mansur, don kawai ya sa sunan ko wanne a gaban abin da ya ɗauka. Da ya dama su duka ya mai da su maganarsa, da sun tafi ke nan.

A littafin Itƙani, wanda ya kasa ilimin Alƙur'ani kashi 80 a cikinsa, sai ya jera littattafan da ya duba tun a gabatarwa, fanni fanni, na tafsiri dabam, na ƙira'a dabam, na lugga dabam, kamar dai jerin da a ke sa mu yi a ƙarshen takarda. Jalalaini kuwa ba safai a kan ga sunan kowa a cikinsa ba, gama an yi shi ne don a bi aya kalma kalma, ba don jayayya ba.

Dabarar da ta fi ba mu sha'awa ita ce ta Jami'us Sagir, wanda ya gama cikin 907, watau 1501. Hadisai ne gajeru fiye da 10,000, ya jera su bisa harafin farko na ko wanne. Da zai rubuta cikakken sunan littafi bayan ko wane hadisi, da littafin ya yi kiɓa ba gaira ba dalili. Sai ya ba ko wane littafi alama, ya bayyana alamun a shafin fari. Ha mai ruwa Buhari ke nan, mim Muslimu, ƙaf su biyun tare, dal Abu Dawuda, ta Tirmizi, nun Nasa'i, ha kuri Ibnu Maja, kaf lasan Hakimu, ha ƙarami da mim Musnadin Imamu Ahmadu, haka haka har wajen alama talatin. Bayan alamar sai sunan sahabin da ya ruwaito. Da harafi ɗaya ko biyu mai karatu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ba shi ya fara irin wannan ba, masu hadisi sun daɗe suna yi, amma littafinsa ya bazu ƙwarai har alamun suka zama sananne ga almajirai gabas da yamma.

Gajartawa kuwa tana da nata haɗari. A kwafe-kwafen littafin akwai waɗansu alamu kuma na darajar hadisi, sodi da ha ga ingantacce, ha ƙarami ga kyakkyawa, lodi ga mai rauni. Abdurra'ufu Munawi, wanda ya yi wa littafin sharhi bayan shekara ɗari da wani abu, ya gargaɗi mutane kada su dogara da waɗannan, gama masu kwafa sun ɓata su da yawa. Dalilin a fili ya ke. In magatakarda ya kuskure harafi cikin kalma, ma'anar jimla ta kan tona shi, amma harafi guda da ke tsaye shi kaɗai ba shi da maƙwabcin da zai yi masa shaida. Har wa yau shi Suyuɗi da kansa ya haƙa wani rami. A babban littafinsa Jam'ul Jawami'i ƙaf ba Buhari da Muslimu ta ke nufi ba, Baihaƙi ta ke nufi. Wanda ya saba da ƙaramin littafin ya buɗe babban bai karanta gabatarwa ba, sai ya ɗauki hadisin Baihaƙi ya ɗora wa Buhari da Muslimu, ya tafi yana faɗa da ƙarfin zuciya. Mu da malamin tarihi ya kan ce mu sa lamba mu kai bayanin ƙasan shafi, malamin koyarwa kuma ya ce mu sa sunan mawallafi da shekarar bugu a tsakiyar magana, mu kan yi gunaguni mu ce me ya hana su shirya bakinsu. Ba za su shirya ba, don bukatunsu ba ɗaya ba ne: mai tarihi yana so ya ga takardar da aka dogara da ita da inda ta ke ajiye, ɗayan kuwa yana so ya san ko binciken na bana ne ko na shekara arba'in. Abin da dukansu su ke ƙi shi ne ƙaf mai ma'ana biyu cikin takarda ɗaya.

To, mutumin da ya san ya sani, bai kuwa iya ɓoyewa ba, ba ya rasa abokan gāba. Suyuɗi ya ce ya yi zurfi cikin fanni bakwai, ya ce ya kai matsayin ijtihadi, daga baya ma ya nuna yana fatan shi ne mujaddadin ƙarni na tara. Malaman Alƙahira suka yi masa ca. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Shamsuddini Sahawi, almajirin Ibnu Hajar, wanda ya girme shi da shekara goma sha takwas. Sahawi ya wallafa wani babban littafi na tarihin mutanen ƙarninsa, da ya zo kan Suyuɗi sai ya zazzage masa kwando. Ya ce ya kan shiga taskar makarantar Mahmudiyya, inda a ke ajiye da littattafai wajen 4,000, ya ɗauko tsofaffi waɗanda mutanen zamani ba su sani ba, ya sāke 'yan kalmomi, ya kai na gaba baya, na baya gaba, ya sa sunansa. Ya ce ya yi wa littattafan Ibnu Hajar haka, ya yi wa nasa ma. Ya ƙara da cewa karatunsa na takarda ne, bai zauna gaban malamai yadda ya kamata ba, shi ya sa ya kan kuskure karatun sunaye. Suyuɗi bai yi shiru ba, ya mayar masa da wata maƙama wadda sunanta kaɗai ya isa, Alkawi, watau mai lalas da wuta.

Wa ke da gaskiya? Kishin malamai da na kishiyoyi ba su da nisa, kuma Sahawi ya yi wa mutane da yawa irin wannan yanka a littafin nan nasa, sabo da haka ba a karɓar maganarsa duka. Wanda ya buɗe manyan littattafan Suyuɗi zai ga sunayen mutane da na littattafai sun cika ko wane shafi, ɓarawo kuwa ba ya yawo da sunan mai kaya a goshinsa. Amma ba za mu wanke shi sarai ba. Masana na baya sun ɗora Itƙani kusa da Burhanu na Zarkashi, wanda ya rasu cikin 794, watau 1392, suka tarar ya ɗebi abu mai yawa daga ciki. Gaskiya ne ya ambaci littafin a gabatarwa, ya yabe shi, har ya lissafa babobinsa 47. Amma a wurare da dama cikin littafin ya kawo maganar Zarkashi, har da waɗanda Zarkashi ya ɗauko daga wasu, bai sāke kiran sunansa a wurin ba. Watau ya biya bashi a ƙofar gida gaba ɗaya, sa'an nan ya shiga yana ɗiba ba awo. A al'adar zamaninsa wannan ba baƙon abu ba ne, amma ya gaza ƙa'idar da shi ya kafa da bakinsa, kuma da ɗayanmu zai miƙa takarda haka, ya sa littafi a jerin ƙarshe ya kwashe rabinsa ba alama, mun san jan alƙalamin da zai dawo da ita.

Laifi tudu ne. Abin da ya yi wa Zarkashi bai gani ba, amma da aka taɓa nasa sai ya tashi tsaye. Ya ce ya yi shekara ashirin yana tattara abubuwan da Annabi ya keɓanta da su, sai wani ya kwashe ya mai da su nasa. A kan haka ya rubuta maƙama sukutum mai suna Alfariƙu, wadda ta ke rarrabe mawallafi da ɓarawo. Masu tarihi kuma sun kawo labarin ƙarar da ya kai Shihabuddini Ƙasɗallani, mai littafin Mawahibu, gaban Shaihul Islami Zakariyya Ansari. Ƙarar tana da ban sha'awa, gama ba cewa ya yi an kwafi kalmominsa ba. Cewa ya yi Ƙasɗallani ya kan kawo magana ya ce daga Baihaƙi, alhali bai ga littafin Baihaƙi ba, a littafin Suyuɗi ya gani. Hujjarsa ita ce Baihaƙi yana da littattafai da yawa, in da gaske ya duba to, ya faɗi a wanne ne. Abin da ya wajaba a kansa, in ji mai ƙara, shi ne ya ce Suyuɗi ya naƙalto daga Baihaƙi. Wannan ita ce cutar da ta kama Shumunni tun Suyuɗi yana saurayi, ita ce kuma ta fi kama mu. Ɗan makaranta ya karanta littafi ɗaya, ya kwashe sunayen littattafai goma da mai littafin ya sha wahalar dubawa, ya jera su kamar shi ya duba. Zanen aro ba ya rufe katara, tambaya ɗaya malami zai yi asiri ya tonu. An ce daga baya Ƙasɗallani ya taka daga Alƙahira har gidan Suyuɗi a tsibirin Rauda, ba takalmi, ba rawani, don ya ba shi haƙuri. Suyuɗi ya amsa daga bayan ƙofa cewa zuciyarsa ta yi sanyi, amma bai buɗe ba. Mun so a ce ya buɗe.

Tun yana da rai sunansa ya iso ƙasashenmu. Alhazan Takruru, watau ƙasar baƙar fata ta yamma, ta Alƙahira su kan bi, su kan zauna gabansa su sayi littattafansa. Ahmadu ɗan Umaru Aƙit, kakan Ahmadu Baba na Tambutu, ya sadu da shi a hajjinsa na 890, watau 1485, da ya komo kuwa ya shiga Kano ya karantar. Cikin 898, watau 1493, wani malami mai suna Lamtuni ya aika masa da tambayoyi masu yawa a kan al'adun mutanen ƙasarsa, ya amsa, amsar tana cikin littafinsa na fatawa. Ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan Takruru, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahimu, yana horonsu da adalci da bin shari'a. Askiya Muhammadu na Songai ma ya gana da shi a tafiyarsa ta hajji wadda ya fara cikin 1496. Shi da Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, sun yi musayar baitoci a kan ilimin manɗiƙi, Suyuɗi yana haramtawa, Magili yana halattawa. Bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi suka yi ta kafa hujja da littattafansa. Wanda ya saba da rubutunsu ya san tsarinsu: a kira sunan malami da littafinsa, a kawo maganarsa, sa'an nan a sa kalma ɗaya mai nuna nan ta ƙare, don kada maganar wani ta gauraya da tasu. Aikin da alamun zance su ke yi mana a boko ke nan.

Akwai masu cewa shi da kansa ya zo Katsina. Tushen zancen wata jimla ce a tarihin kansa da ya rubuta cikin littafinsa na Masar, inda bayan ya gama maganar littattafansa sai ga kalmar tafiya, da Sham, da Hijaz, da Yaman, da Hindu, da Magrib, da Takruru. Larabci kuwa ba a cika sa masa wasali ba. In aka yi wa harafin ƙarshe na kalmar rufu'a, shi ne ya yi tafiyar. In aka ɗaure shi, littattafan ne suka yi. Da masana suka koma ga ɗayan littafin da ya rubuta a kan rayuwarsa, inda ya zayyana tafiye-tafiyensa, suka ga Makka da waɗansu garuruwan Masar kamar Dimyaɗ da Iskandariyya, suka kuma ga babi guda a kan ƙasashen da littattafansa suka kai. Sabo da haka karatu na biyu ya fi ƙarfi.

Ƙarshen zamansa da mutane bai yi daɗi ba. Ya saɓa da Sarki Ƙaitabai don ya ƙi zuwa gaisuwa fada ko wane wata kamar sauran masu riƙe da waƙafi, har ya wallafa littafi a kan hana malamai zarya ƙofar sarakuna. A Baibarsiyya kuma ya ce waɗansu masu cin albashin zawiyya ba su cika sharaɗin mai waƙafi ba, ya taɓa musu rabo. Cikin 903, watau 1498, suka taso masa, suka ɗauke shi da tufafinsa suka jefa cikin tafkin alwala. Da Ɗumambai na fari ya hau sarauta cikin 906, watau 1501, ya neme shi da sharri, sai da ya ɓuya har sarkin ya faɗi bayan 'yan watanni, aka kuma ba wani kujerarsa. Daga nan ya kulle kansa a gidansa na Rauda, tsakiyar Nilu, ba ya fita sai rubutu. Manyan gari su kan zo da kyauta ya mayar. Sarki Gauri ya aiko masa da dinari 1,000 da bawa baba, ya mai da dinarin, ya 'yanta bawan ya sa shi hidimar ɗakin Annabi a Madina.

Aikin da ya sa gaba a shekarun nan shi ne Jam'ul Jawami'i, wanda ya yi nufin tara hadisai duka a cikinsa. Bai gama ba ajali ya zo. Ya yi ciwon kwana bakwai, hannunsa na hagu ya kumbura, ya rasu ranar 19 ga Jimada Lawwal 911, watau Oktoba 1505, yana da shekara sittin da ɗaya bisa lissafin wata. Aka rufe shi a hurumin Ƙausun, bayan ƙofar Ƙarafa. Allah ya jiƙansa. Bayansa wani malamin Hindu mazaunin Makka, Aliyu Muttaƙi, wanda ya rasu cikin 975, watau 1567, ya haɗa babban Jami'i da ƙaramin da ƙarin da aka yi masa, ya sāke jera su bisa babobin fiƙihu maimakon haruffa, ya kira littafin Kanzul Ummali. Hadisansa sun haura 46,000, bayan ko wanne kuwa ya bar alamun Suyuɗi yadda ya same su.